Tafin da ya maƙale a Kwargaba

Ranar Lahadi 21 ga Satumban 2014, wani malamin firamare a Kwargaba, cikin ƙaramar hukumar Wurno, ya miƙe tsaye a gidan kallon ƙwallo ya tafa wa mutumin da ya raba ƙungiyarsa da maki biyu. Chelsea ce ƙungiyar. Ita yake goyon baya tun zuwan Mikel Obi a 2006, kamar ɗimbin samarin Arewa na wancan zamani. Ta je gidan Manchester City bayan ta ci wasanninta huɗu na farkon kakar Firimiya a jere. An kori Pablo Zabaleta da jan kati, André Schürrle ya sa Chelsea gaba, har an fara lissafin maki uku. Saura minti biyar lokaci ya cika sai Frank Lampard, wanda aka sako daga benci, ya tari ƙwallon da James Milner ya miƙo masa ya tura ta raga. Shekara 13 ya yi a Chelsea, ya ci mata ƙwallo 211, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a tarihinta. Bai yi murna ba. Abokan wasansa suka rufe shi da runguma, shi kuwa fuska a murtuke kamar wanda aka aiko wa labarin rasuwa.

Magoya bayan Arsenal da na Manchester United da ke kan bencinan baya suka yi wa malamin ca. Yaya za a ci ka kuma ka tashi kana tafi? Ya tsaya ya yi musu karatu a kan halacci, janareta na ruri a waje, mai gidan kallo na roƙon a zauna. Ya ce wanda ya yi maka rana shekara goma sha uku ba ka yi masa dare saboda minti ɗaya. Maganar ta bi shi. Daga ranar, duk gardamar da ta taso a majalisa kan wani ɗan wasa da ya sauya sheƙa, sai a ce a jira Malam.

Bayan shekara goma aka kawo masa tambayar har gida.

Akwai wani ɗan ƙanwarsa da ya taso a hannunsa. Shi ya saya masa takalmin ƙwallo na farko, gwanjo, ya ɗan yi masa yawa har sai an cusa tsumma a gaba. Shi ya hana shi taɓa ƙwallo da ƙafar dama tsawon rani guda a filin makaranta, don ta hagu ta koyi aiki. Yaron ya zama ɗan gaban ƙungiyar garin, wadda malamin ke horarwa ba tare da ko sisi ba, shi ke biyan kuɗin mota da na ruwan leda daga albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Wata rana bayan an kwashe shinkafa sai aka nemi yaron a atisaye aka rasa. A bakin ɗalibansa malamin ya ji cewa wani ɗan kasuwa mai ƙungiya a cikin garin Wurno ya ba shi babur ya riƙa kabu-kabu, da ɗakin kwana, a kan ya buga masa wasa. Bai zo ya faɗa ba, bai aiko ba.

Da ranin da ya biyo baya ƙuri'ar gasar cin kofi ta haɗa ƙungiyoyin biyu, kuma a filin Kwargaba. An fara wasa da wuri, domin tun da sha'anin tsaro ya taɓarɓare a gabashin Sakkwato babu baƙon da ke son magariba ta same shi a hanya. Babu ci har aka dawo daga hutun rabin lokaci. Can sai ƙwallo ta faɗo wa yaron a bakin da'ira, ya gyara ta, ya ɗirka. Da ta taɓa raga ya tsaya cak, ya ɗaga tafukan hannuwansa biyu daidai kafaɗa kamar yadda ya sha gani a talabijin, ya juya ya nufi tsakiyar fili. Rabin 'yan kallo suka juya wajen malamin. Wani daga cikin waɗanda aka yi wa karatun 2014, yanzu magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ga Lampard ɗinka nan, mi kaka jira?"

Hannun malamin bai motsa ba. Aka tashi ɗaya da nema, Kwargaba ta fita daga gasa.

Kwanaki aka yi ana tattauna abin a majalisa. Masu ganin bai kamata a tafa ba suna da karin maganarsu a shirye: ba a sayar da akuya ta dawo tana cin danga. Ɗaya ɓangaren kuma suka ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yaron ya karɓi babur ɗin mutane, ya sa rigarsu, in ya ga raga ya kauce ya zama maci amana sau biyu. Duka maganganun gaskiya ne, sai dai kowace da wanda take kallo. Ta biyu a kan ɗan wasa take, kuma babu mai hankalin da ke musun cewa aikinsa ne ya ci. Ta farko ce ke magana a kan mai kallo, kuma a nan gardamar take.

Hujja mafi nauyi a kan tafin, wani dattijo ne ya kawo ta, mutumin da bai taɓa shiga gidan kallo ba. Ya ce a lokacin da ƙwallon ta shiga, akwai yaro kwance cikin ƙura a bakin raga. Shi ma ɗan garin ne, shi ma an yi masa tayin tafiya ya ƙi, da safe yana fadama wajen ban ruwan albasa, da yamma ya zo ya tsare wa garinsu gida. In mutanen garin suka tafa a wannan daƙiƙa, me suka gaya masa? Mai goyon baya ba alƙali ba ne da za a nemi ya raba adalci daidai tsakanin ɓangarori biyu. Ya riga ya ɗauki gefe tun kafin a busa usur, kuma 'yan wasa goma sha ɗaya da ke sanye da rigarsa suna bin sa bashin muryarsa har a tashi. Duk tafin da ya yi wa ƙwallon abokin hamayya, daga hakkinsu ya yanka.

Wannan hujja ba ta da sauƙin turewa, kuma tana tona wani abu game da tafin 2014 wanda malamin bai so ya duba ba. Tafin nan bai ci masa komai ba. Lampard ba ɗan ƙanwarsa ba ne, Landan ba garinsu ba ce, wasan kuma na biyar ne cikin 38. Chelsea ta ci gaba ta ɗauki kofin kakar da maki 87, ta ba City tazarar takwas. In aka bi shahararrun tafin da ake kafa misali da su, za a tarar yawancinsu haka suke, an yi su ne bayan zance ya riga ya ƙare. Magoya bayan Real Madrid sun miƙe wa Ronaldinho a Bernabéu a Nuwamban 2005, amma sai da Barcelona ta kai uku da nema. A ranar 11 ga Fabrairun 2024 Declan Rice ya koma filin West Ham sanye da rigar Arsenal, ya ci ƙwallo ta shida a wasan da aka tashi shida da nema, bai yi murna ba, kuma waɗanda suka rage a filin sun tafa masa da aka sauya shi. Da yawa sun riga sun tafi gida. Karamci ba ya wuya ga wanda ya riga ya fid da rai, ko wanda ya san gobe zai rama.

Inda ƙwallon ta yi ciwo sosai, labari kan sauya. A ranar 27 ga Afrilun 1974 Denis Law, wanda ya ci wa Manchester United ƙwallo 237 kafin ta sallame shi kyauta, ya dawo Old Trafford da rigar City ya ci su da dunduniya ana dab da tashi, alhali United na neman tsira daga faɗuwa. Ya fita fili kai a sunkuye. 'Yan kallo suka ɓarke cikin fili har alƙalin wasa ya dakatar da wasan. Sakamakon sauran filaye ya nuna ko ba ƙwallonsa United ta faɗi, amma a wannan minti babu wanda ke da natsuwar yin lissafi, balle tafi. Gasar ƙauye ta sili-ɗaya-ƙwale ta fi kusa da wannan. An ci ka, ka fita, sai baɗi.

Sai dai zafin ci ba shi kaɗai ya riƙe hannun malamin ba, shi ma ya san haka. Da wani baƙon yaro ne ya ci ƙwallon, da ya yaba ta a zuci ya wuce. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ranar da ya ji labarin tafiyar a bakin ɗalibai.

A nan tarihin Turai da al'adar Hausa suka haɗu ba tare da sun yi shawara ba. 'Yan kallo ba ƙwallon suke yi wa hukunci ba, fitar suke tunawa. Kwantiragin Lampard ƙarewa ya yi, Chelsea ta bar shi ya tafi, aka rabu da mutunci. Robin van Persie kuwa kyaftin ne a Arsenal lokacin da ya fitar da sanarwa a Yulin 2012 cewa ba zai sabunta ba, domin bai yarda da inda ƙungiyar ta dosa ba, sannan ya koma United. A ranar 3 ga Nuwamba ya ci Arsenal cikin minti uku na farko, ya ɗaga hannuwa kamar mai ba da haƙuri, kuma hakan bai sayo masa komai ba. Ihu aka bi shi da shi, har ranar 28 ga Afrilun 2013 da 'yan wasan Arsenal suka jeru a Emirates suna karrama United a matsayin zakara, shi yana cikin masu wucewa. Alamar da ya yi ita ce wadda wasu suka yi aka rera musu waƙa. Bambancin yana can baya, a yadda aka rufe ƙofa.

Emmanuel Adebayor, ɗan Togo, ya nuna ɗaya fuskar. A ranar 12 ga Satumban 2009 ya ci Arsenal da ka, ya kwasa da gudu tsawon fili ya zube a gwiwa gaban magoya bayanta. Aka yi ta jifa, hukumar ƙwallon Ingila ta ci shi tarar fam 25,000. Ana yawan kawo shi a matsayin misalin butulci, ana mantawa da abin da ya sha faɗa daga baya, cewa zagin iyayensa aka yi ta yi a ranar. Duk Bahaushen da aka taɓa ambatar uwarsa a bainar jama'a ya san nisan da ƙafa ke iya yi kafin hankali ya cim mata. 'Yan kallon da suka fara yada mutunci ba su da bakin neman a mayar musu da shi.

Hausa tana da suna ga abin da Lampard ya yi: kara. Murnar ƙwallo halas ce ga wanda ya ci, amma ana barin halas don kunya. Irin ta ce Breel Embolo ya yi a gasar cin kofin duniya ta Qatar ranar 24 ga Nuwamban 2022, da ya ci wa Switzerland ƙwallon da ta doke Kamaru, ƙasar da aka haife shi, ya tsaya cik ya ɗaga hannu. Kara tana da ƙa'ida biyu da kowa ya sani ko ba a rubuta ba. Wanda aka yi wa yana mayarwa. Wanda ya yi kuma ba ya tsayawa jiran a biya shi nan take, in ya tsaya ta zama ciniki. Shi ya sa ɗaga hannuwan ya fara gundurar mutane a 'yan shekarun nan, tun da har wanda ya yi aron wata shida a ƙungiya yakan tsaya yana marairaicewa kamar ya bar mahaifa. Yaron Kwargaba ba ya cikin waɗannan. Filin da ya ci ƙwallon nan ne ya koyi tafiya a kai. Kararsa ta gaske ce, ta dai zo ne a kan wani bashi da bai biya ba tukuna, wato sallama.

Tafiya ita kanta ba laifi ba ce a wannan yanki, kuma duk wanda ya ce laifi ce bai san ƙasar ba. Lardin Sakkwato ya daɗe da shahara da cin rani, har masanin labarin ƙasa R. Mansell Prothero ya yi nazari a kansa a shekarun 1950, lokacin da maza ke fita bayan kaka zuwa gonakin koko na Yamma, da ma'adinan kuza na Jos, da Gwanja. Madatsar ruwan Goronyo da noman rani a fadamar Rima sun riƙe wasu, ba su riƙe kowa ba. Babu gida a Wurno ko Rabah ko Goronyo da ba shi da wani a Legas ko Fatakwal ko Abuja. Abin da al'ada ta tanada shi ne yadda ake fita: a je a durƙusa, a faɗi inda za a, a karɓi addu'a ko da an haɗa ta da faɗa. Wanda ya yi haka, ko ya shekara goma, tabarmarsa na nan. An ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, amma a aikace wanda ya fita ta katanga ake nufi.

Ahmed Musa ya bar Kano Pillars a 2010 bayan ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya, ya tafi VVV-Venlo a Holan, daga nan Mosko, Leicester, Saudiyya. Da ya dawo a Afrilun 2021, ya kuma sake dawowa a Oktoban 2024, Kano ta karɓe shi kamar bai taɓa fita ba. Gaskiya ne bai taɓa zama dole ya ci Pillars ba, don haka ba a jarraba soyayyar ta wannan gefe ba. Waɗanda ake jarrabawa su ne ɗaruruwan 'yan wasan gasar Najeriya da ke sauya riga kusan kowace kaka, galibi a kan albashi da kuɗin sa hannu da aka riƙe musu. Irin su Rabi'u Ali, da ya shafe fiye da shekara goma a Pillars, tsiraru ne. Kafin a tambayi abin da ɗan wasa ya ci na ƙungiya, ya kamata a tambayi abin da ƙungiya ta ci nasa. Kuma a filayen da aka farfasa motar Katsina United a Kano a Afrilun 2022, maganar tafi ma alatu ce. Abin da tsohon ɗan wasa ke fata shi ne ya fita lafiya.

Ƙungiyar Kwargaba ba ta riƙe wa yaron albashi ba, domin ba ta taɓa yi masa alkawarin ko kwabo ba. Babur kuwa sana'a ce, da ita ake tara kuɗin aure. Malamin ya san wannan sarai. Shi da kansa ya taɓa cika takardar neman sauyin wurin aiki zuwa cikin Sakkwato har sau biyu, ba a ba shi ba, kuma a majalisa ba a kiran zamansa da sunan rashin sa'a, ana kiransa kishin gari. Da yawa daga cikin likitoci da ma'aikatan banki da malaman jami'a da ke yanke wa 'yan ƙwallo hukuncin butulci a WhatsApp sun bar wurin da ya horar da su zuwa wurin da ya fi biya, wasunsu ma takardar ajiye aiki kawai suka tura ta imel.

To a tafa ko kada a tafa? A daƙiƙar da ƙwallo ta shiga, dattijon majalisa ya fi gaskiya. Wannan lokaci na mai tsaron gida ne da ke kakkaɓe ƙura, kuma shiru ya wadatar. Shiru ba zagi ba ne, ba jifa ba ne, ba kiran sunan uwar kowa ba ne, shi ne mafi ƙarancin abin da tsohon ɗan gida ya cancanta ko yaya ya fita. Girmamawar tana da nata lokaci, sa'ad da ake sauya shi ko bayan usur na ƙarshe, lokacin da riga ta gama aikinta aka koma mutum da mutum. Ko ranar Lampard, hoton da ya fi zama a zukata na bayan tashi ne, da ya taka zuwa kusurwar magoya bayan Chelsea suna rera sunansa yana tafa musu. Kuskuren malamin a 2014 na gaggawa ne. Na bayan shekara goma ya fi shi girma, domin da aka tashi, yaron ya nufo gefen da yake tsaye, shi kuwa ya tattara ƙwallaye a buhu ya juya baya. Tafi ma ba shi ne asalin yabon Bahaushe a fagen wasa ba. A dambe da kokawa akwai jinjina, hannu ɗaya a dunƙule a sama, wadda ake yi wa namijin da ya yi abin maza ko daga wane ɓangare ya fito, ba ta kuma nufin an sauya gefe. Ko ita bai yi ba. Ƙananan yaran da yake horarwa suna tsaye suna kallo, kuma aƙalla rabinsu wata rana za su tafi.

Daren Juma'ar da ta biyo baya, bayan isha'i, aka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Yaron ya yi sallama ya shiga zaure, ya tuɓe takalmi ya durƙusa nesa da tabarma. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo wadda ba ta taɓa komai ba, gajiya, iyali, sanyi, kasuwar albasa. Shiru ya biyo baya.

"Kawu, kunya ta hana ni zowa in yi maka bankwana," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Na san in kac ce in zamna, zamnawa za ni yi."

Malamin ya daɗe yana juya tocila a hannu.

"Da wace ƙafa kac ci mu?"

"Da hagu, Kawu."

"Na gani. Ka tsaya gyaranta har sau biyu. Da mai tsaron bayanmu bai yi barci ba, da ba ka same ta ba."

Ya leƙa cikin gida ya ce a ƙaro tuwo, akwai baƙo. Daga ciki matarsa ta tambaya wane baƙo ne da daren nan, ya yi kamar bai ji ba.